Zauren Tambaya da Amsa: Mace da Titin Birni, daga Damagaram zuwa Alƙahira

Wasiƙun wannan wata yawancinsu daga Damagaram suka zo, kuma kusan duka a kan magana ɗaya: yadda mace za ta fita neman ilimi ko abin sawa a baka ta dawo gida lafiya, da abin da doka ta tanadar mata idan aka taɓa ta. Masu amsawa su uku ne, wata masaniyar shari'a, wata unguwarzoma, da wani tsohon jami'in ƴan sanda. Mun sakaya sunayen masu tambaya kamar yadda muka saba.

Tambaya: Ni ma'aikaciyar jinya ce. Wani makon sai bayan isha'i nake tashi daga aiki, gidanmu kuma can bayan Garin Malam yake, ba ni da abin hawa sai kabu-kabu. Yayana ya ce in ajiye aikin tun kafin wani abu ya same ni. Babu wata hanya? (Ƙanwarku, Garin Malam)

Amsa: Ƙanwata, akwai hanya, kuma rabin aikin a wuyan yayan naki yake. Fara da mai ɗaukar ki. Kada ki tsaya bakin titi da dare kina tare duk wanda ya gifta. Ki je tashar ƴan kabu-kabu da rana, wadda ke da shugaba, ki zaɓi mutum biyu ko uku waɗanda aka san gidajensu. Yayanki ya gan su ido da ido, ya karɓi lambobin wayarsu. Ku yi ciniki na mako, ko da za ki ɗora ɗan wani abu a kan kuɗin da aka saba. Dalilin mutum biyu ko uku shi ne, ranar da babur ɗin ɗaya ya lalace ko mai ya yanke masa, ba za ki koma tarar baƙo ba, kuma a irin wannan ranar ce aka fi samun matsala.

Idan dole ta sa kika hau wanda ba ki sani ba, ki kira gida a gabansa, da murya yadda zai ji: "Ga ni nan na hau, lambar babur kaza, ta gaban gidan mai za mu biyo." Mai mugun nufi ba ya son a san shi, wannan kiran kaɗai kan sauya masa shawara. Ki faɗa masa hanyar da za a bi tun kafin ya tayar. In ya kauce, ki yi magana a kwanar farko, kada ki bari sai ta uku lokacin da gidaje sun ƙare. Ki ce ya tsaya wurin mai shayi, ko kanti, ko fadar samari, ki sauka ki biya shi. Kada ki yi tsalle yana cikin gudu. In ya ƙi tsayawa, ki ɗaga murya tun akwai mutane, ki jira inda yashi ko kwana za su tilasta masa rage gudu.

Jakar hannu a kan cinya take zama, tsakaninki da bayan direba. Wadda aka rataya a kafaɗa ta ɓangaren titi ita masu fizge ke nema, kuma idan igiyar ba ta tsinke ba ke ce za ki biyo ta ƙasa. In aka kama jakar, ki sake ta. Kuɗin babur ki ware su a hannu tun daga wurin aiki, don kada ki tsaya lalube cikin duhu. Ki tattara bakin hijabi da zane ki danne su ƙarƙashinki, domin wanda ya shiga tayar baya yakan shaƙe wuya ya jefar da mace da ka. Waya kuwa ki caja ta kafin ki tashi, tunda ba a san lokacin da wuta za ta ɗauke ba. A WhatsApp akwai wurin nuna wa wani inda kike kai tsaye, na minti 15, ko awa 1, ko awa 8. Ki kunna na awa 1 zuwa wayar yayanki, amma ki tuna sai da intanet yake aiki. Lambar ƴan sanda 17 ce, ta ƴan kwana-kwana 18. Ki ƙara da ta komisariya, wato ofishin ƴan sanda, mafi kusa da ku.

Wuƙa ko reza a jaka ba mu ba ki shawara ba. Wadda ba ta saba ba, ƙwacewa ake yi a juya mata.

Shi kuma Yaya, aikinsa shi ne ya tsaya bakin titi da tocila lokacin saukarki. Tsakanin inda babur ke ajiye mutum da ƙofar gida, wannan ɗan lungun, shi ne wurin da ake mantawa da shi.

Tambaya: Na zauna Kano lokacin da aka kawo A Daidaita Sahu domin mata, kuma na ji a Masar har taragon jirgi ake ware musu. Me zai hana hukuma ta raba maza da mata a abin hawa a nan, a huta? (Wani dattijo, Birni)

Amsa: Baba, an gwada wannan a birane da dama, sai mu duba abin da ya biyo baya.

A Kano, gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ce ta shigo da kekunan a 2005, lokacin da aka nemi hana mata hawa acaɓa. Kekunan ba su kai yawan mata masu fita ba, sai mace ta daɗe a tsaye tana jira. Da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a birnin a Janairun 2013, adaidaita ta zama abin hawan kowa da kowa, sunan ne kawai ya rage. A Alƙahira an ware wa mata tarago a jirgin ƙarƙashin ƙasa tun ƙarshen shekarun 1980. Duk da haka, wani bincike da hukumar mata ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2013 ya nuna kashi 99 cikin 100 na matan da aka tambaya sun taɓa fuskantar cin zarafi na baki ko na hannu. Sai a 2014 Masar ta sa wannan laifi ƙarara a doka, ta kuma tsananta hukuncin a 2021. A Delhi ta Indiya an ware taragon mata a 2010, amma fyaɗen da ya girgiza ƙasar a Disambar 2012 a cikin wata bas aka yi shi da dare, ɗalibar da aka yi wa kuma tana tare da namiji. Bayan zanga-zanga aka gyara doka a 2013, aka sa bibiyar mace da leƙenta cikin laifuka, sannan a 2019 aka mayar da bas ɗin gwamnati kyauta ga matan birnin. Tokiyo da birnin Meziko su ma suna da taragon mata.

Matan da ke shiga waɗannan taragu suna jin daɗinsu, musamman lokacin cunkoso, wannan gaskiya ne. Amma rabawar tana da gurgunta uku. Tafiya ba a cikin mota take farawa ba: daga ƙofar gida zuwa tasha, da tsayuwar jira, duk a buɗe suke. Na biyu, in abin hawan mata bai wadata ba, jiran ya fi hawan haɗari. Na uku shi ne mafi muni: wadda ta shiga na kowa da kowa saboda sauri, in aka taɓa ta sai a ce ita ta kai kanta.

Wasu ƙasashen ta wata ƙofa suka shiga. Faransa ta yi doka a Agustan 2018 mai ba ɗan sanda damar cin tarar mai tsokanar mace a titi nan take, daga Yuro 90 a lokacin, sai dai yawanci sai jami'in ya gani da idonsa. Maroko ta fara aiki da dokarta ta kare mata a Satumbar 2018. Burazil ta buɗe ofishin ƴan sanda na mata zalla a Sao Paulo tun 1985, saboda an lura mace takan fasa kai ƙara idan namiji ne zai yi mata tambayoyi a gaban jama'a. Ruwanda kuwa ta buɗe cibiyar Isange a Kigali a 2009, inda likita da ɗan sanda da mai ba da shawara ke ƙarƙashin rufi ɗaya, wadda aka zalunta ba ta yawo daga ofis zuwa ofis tana maimaita labarinta.

A ganinmu abin da ya dace da Damagaram ya fi rabawa araha. Kowane ɗan kabu-kabu da mai adaidaita ya kasance da lamba babba a riga, gaba da baya, wadda ta yi daidai da sunansa da hotonsa a rajistar ma'aikatar magajin gari. Lambar da ba ta da rajista ado ce kawai. A sa fitilu masu aiki da hasken rana a tashoshi, da kewayen Kasuwar Dole, da lungunan Birni da Zango, a kuma ware kuɗin sauya batir, domin shi ne ke fara mutuwa a bar sanda a tsaye. Sannan ga abin da ba a cika lissafawa da shi ba, wato ruwa. A bazara, idan famfo bai kawo ba sai tsakar dare, ƴan mata ne ke fita da jarkoki ƙarfe biyu ko uku na dare, su bi ta tsakanin duwatsu da kangaye. Fitila ɗaya a bakin famfo, da dattijo ɗaya ko biyu da unguwa ta ɗora wa zama a wurin, sun fi wa waɗannan yara amfani a kan taragon Alƙahira. Ranar 13 ga Mayu, da ake tunawa da tattakin da matan Nijar suka yi a Yamai a 1991 don neman kujeru a shirin taron ƙasa, rana ce mai kyau da ƙungiyoyin mata za su miƙa wa hukumar gari waɗannan buƙatu a rubuce, da sunan kowane lungu.

Tambaya: Ɗiyar ƙanwata, shekarunta 12, tana tallar ƙosai. Makonni biyu da suka wuce wani magidanci ya ce ta shigo zaure ta karɓi kuɗinta, ya lalata ta. Mun gasa ta da ruwan zafi. Danginsa sun zo da mai unguwa suna roƙon a rufa asiri, za su ba da kuɗin magani. Mahaifinta ya karkata. Ni zuciyata ba ta kwanta ba. (Wata uwa, an sakaya unguwa)

Amsa: Hajiya, Allah ya ba yarinyar lafiya, ya saka miki da kika ƙi yin shiru. Gobe da safe ki kai ta asibiti, ko Cibiyar Lafiyar Uwa da Yaro ko babban asibitin ƙasa na Damagaram. Makonni biyu sun rufe wasu ƙofofi, amma ba duka ba. Za a duba rauni, a ba ta maganin cututtukan da ake ɗauka ta saduwa, a yi gwajin ciki in ta fara al'ada ko ta kusa, a yi gwajin ƙanjamau yanzu a kuma maimaita bayan wata 3, domin gwajin farko ba ya nuna sabon kamu. Ki tambayi allurar ciwon hanta nau'in B da ta tetanus. Likita zai rubuta abin da ya gani, kuma wannan takarda ita ce ƙashin bayan shari'a.

Ga sauran masu karatu, ga abin da ake yi a sa'o'in farko, don a sani tun kafin buƙata. Maganin da ke hana ƙwayar ƙanjamau kama jiki dole a fara shi cikin awa 72, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfaninsa. Kwana 28 ake sha ba fashi. Yakan sa tashin zuciya da kasala, shi ya sa wasu ke yankewa a mako na farko, yankewar kuwa tana ɓata kariyar, don haka a koma wa likita maimakon a daina. Maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa yana aiki zuwa awa 120, wato kwana 5, shi ma ƙarfinsa na raguwa kullum. Kada a yi wanka, kada a zaunar da yarinya a ruwan zafi da gishiri ko bagaruwa kafin likita ya gani. Mun san tausayi ke sa iyaye yin haka, amma yana wanke shaida, kuma yana iya ƙona wurin da ya riga ya tsage. Tufafin da ke jikinta, har ɗan kamfai, kada a wanke. A naɗe kowanne daban a takarda mai tsabta. Leda tana riƙe danshi, kayan su yi fumfuna, shaidar ta lalace. In jini na zuba, asibiti ake fara zuwa, ƴan sanda daga baya.

Sai maganar hukuma. Ku je komisariya, ku nemi sashen kare yara da mata, ko jandarmomi in abin a wajen gari ya faru. Za su ba da takardar da ke umartar likita ya yi bincike ya rubuto rahoto. Ku tafi da takardar haihuwarta, domin hukuncin ya danganta da shekaru: a kundin hukunta laifuka na Nijar, fyaɗe ɗaurin shekara 10 zuwa 20 ne, in kuwa yarinyar ba ta kai 13 ba, shekara 15 zuwa 30. In ba ta da takardar, kotu na ba da wadda ke maye gurbinta bisa shaidu, ku fara nema yanzu. Bayanin da za a rubuta da Faransanci ne, saboda haka kada kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa sai an karanta masa an fassara da Hausa. Ku rubuta ranar da kuka je da sunan jami'in da ya karɓe ku. In kuka ga ana jan ƙafa, kuna da damar kai takardar ƙara kai tsaye ofishin mai gabatar da ƙara na gwamnati a babbar kotun Damagaram. Rashin kuɗin lauya ba hujja ba ce: hukumar taimakon shari'a ta ƙasa, ANAJJ, wadda dokar 2011 ta kafa, tana da ofis a manyan kotuna, kuma yara da matan da aka ci zarafinsu suna cikin waɗanda take tsaya wa. Ƙungiyar mata masana shari'a ta Nijar, AFJN, ita ma tana ba da shawara.

Game da sulhu, mai unguwa da sarakuna suna da hurumin sasanta rikicin aure, gado, gona da bashi. Fyaɗe babban laifi ne, ba ya cikin abin da ake sasantawa, kuma ko iyaye sun janye, gwamnati na da ikon ci gaba da tuhuma. Ki faɗa wa mahaifinta cikin ladabi cewa kuɗin maganin da aka karɓa yau, gobe shi za a nuna a ce an riga an gama magana. Ki kuma tuna masa cewa zauren yana nan, kuma gobe wata yarinyar ce za ta gifta da tire a ka. In aka kawo zancen a aura masa ita don a rufe, ku ƙi.

Ita kuma yarinyar, a daina tara mata mutane kowa na tambaya. Mutum ɗaya da ta yarda da shi ya saurare ta, ya rubuta kalmominta yadda ta faɗe su, kada ya sa mata magana a baki. Kada a dake ta, kada a ce "me ya kai ki". Fitsarin kwance, firgita cikin barci da ƙin abinci duk suna iya biyowa baya, ba iskoki ba ne, a gaya wa likita.

Iyayen ƴan talla kuma, ku lura da ƙofar da ake shigowa ta ita. Yarinyar da ta san za a dake ta in ta dawo da ragowar kaya ko kuɗi bai cika ba, ita ce ke bin wanda ya ce "shigo in saye duka". A gaya mata ƙarara: ba zaure, ba ɗaki, ba kango, ba shago bayan an sauke ƙofa, ko da kuɗin zai salwanta, kuma babu duka a kan haka. Su fita bibbiyu, su dawo kafin magariba.

Tambaya: Mai gidan da nake wa aikin sakatariya ya ce in ban "gane" ba, ba zai sabunta mini kwangila ba. Babu wanda ya ji sai ni. (Ƴar'uwarku, Sabon Gari)

Amsa: Ƴar'uwa, abin da yake yi yana da suna a doka tun gyaran da aka yi wa kundin hukunta laifuka a 2003. Matsa wa mutum da umarni, barazana ko tilas don neman lalata yana jawo ɗaurin wata 3 zuwa 6 da tarar sefa 10,000 zuwa 100,000. In mai yin ya fake da muƙaminsa, kamar mai gida ko malami, ɗaurin wata 3 ne zuwa ƙasa da shekara 1, tarar kuma 20,000 zuwa 200,000. Hukuncin bai taka kara ya karya ba, mu ma mun sani, amma takardar sammaci kaɗai takan sa mai rawani ya shiga taitayinsa.

Ki lura da kalmomin dokar: umarni, barazana, tilas. Su za ki tabbatar, saboda haka aikinki yanzu tara shaida ne. Ki sami ɗan littafi da ba ya kwana a ofis, ki riƙa rubuta rana, lokaci, wuri, abin da ya faɗa da bakinsa, da wanda ke kusa. Kada ki goge saƙonninsa ko na murya don ɓacin rai. Ki ɗauki hotonsu yadda lambarsa da kwanan wata za su fito, ki tura wa wata amintacciya. Ki ba shi amsa sau ɗaya a rubuce, gajeriya: ba kya so, ya daina, ki tsaya kan aiki. Sau da yawa amsar da zai maido ita ce shaidar da babu a da. Ki gaya wa mutum biyu tun yanzu, domin wanda aka faɗa wa a lokacin ya fi wanda aka faɗa wa bayan kora nauyi a gaban alƙali. Ki ajiye kwafin kwangila da takardun albashi a gida. Kada ki yi murabus cikin fushi, domin wadda ta ajiye da kanta takan rasa haƙƙin da wadda aka kora ba bisa ƙa'ida ba ke samu. Ofishin sufeton ƙwadago ke duba maganar aiki, komisariya ko mai gabatar da ƙara ke duba laifin. Ana iya bin duka biyun. Ɗalibar da malami ke riƙe wa maki, matakan ɗaya ne.

Tambaya: Tsohon saurayina yana da hotunana, ya ce in ban tura masa jaka hamsin ba zai watsa su kafin bikina. (An sakaya)

Amsa: Ƴata, kada ki tura ko dala. Wanda aka biya sau ɗaya ya gane akwai na biyu, hotunan kuma suna nan a wayarsa. Kada ki toshe shi tukuna, kada ki goge komai. Ki ɗauki hoton barazanar da lambar da ya ce a tura kuɗin, ki adana a wata wayar. Dokar Nijar ta 2019 kan laifukan intanet ta haɗa da irin wannan barazana don karɓar kuɗi, ki kai ƙara da wayarki a hannu. Ki sauya kalmar sirrin Facebook, ki kunna tabbaci mai mataki biyu a WhatsApp, musamman in ya taɓa riƙe wayarki. Abu mafi wuya shi ne mafi amfani: ki zaɓi babba ɗaya a gida, inna ko gwaggo ko yaya, ki gaya mata da bakinki. Ƙarfinsa duka a kan tsoronki na kada gida su ji yake.

Tambaya: Wata hajiya ta ce za ta kai ni aikatau Saudiyya, ita za ta biya komai, in riƙa biyan ta daga albashi. Wasu ƙawayena kuma Aljeriya suka nufa. Mijina ya rasu, yara huɗu gare ni. (Wata baiwar Allah, Kance)

Amsa: Allah ya jiƙan maigidan, ya raya marayu. Ƴar'uwa, tambaya ta farko da za ki yi wa hajiyar ita ce: wace irin biza? Bizar umara ba ta aiki ba ce. Ranar da ta ƙare kin zama marar takarda, kuma marar takarda ba ta iya kai ƙarar wanda ya hana ta albashi ko ya taɓa ta, domin ita za a fara kamawa. Saudiyya ta sauya abubuwa da dama, mata na tuƙi tun Yunin 2018, an kuma yi dokar hana cin zarafi a shekarar, amma mai aikin gida tana bayan ƙofa a rufe, zamanta a ƙasar kuma a ɗaure yake da wanda ya ɗauke ta. In da bizar aiki ce ta gaskiya, ki nemi kwangila a rubuce kafin tashi, wani da kika yarda da shi ya karanta miki: albashi nawa, wane gari, sunan mai gida, ranar hutu, wa zai biya kuɗin dawowa. Bashin hajiyar ma a rubuta adadinsa da ranar ƙarewarsa gaban shaidu. Bashin da ba a faɗi iyakarsa ba shi ne igiyar da masu safarar mutane ke ɗaure mata da ita. Ki bar kwafin fasfo a gida, ki haddace lambar mutum biyu da ka saboda ana ƙwace waya, ki riƙe lambar ƙaramin ofishin jakadancin Nijar a Jidda. Dokar Saudiyya kanta ba ta yarda mai gida ya riƙe fasfon ma'aikaci ba.

Hanyar Aljeriya kuwa mutanen Kance sun fi kowa sanin kuɗinta. A Oktoban 2013 an tsinci gawar mutum 92 a hamada kusa da iyaka bayan motocinsu sun lalace, mafi yawansu mata da yara. Waɗanda suka isa Tamanrasat ma ana kwaso su a maido. In ke ko wata kuka riga kuka faɗa hannun masu riƙe takardu da bashi, Nijar na da dokar yaƙi da safarar mutane tun 2010, kuma cibiyar gwamnati ta farko mai karɓar waɗanda aka yi safararsu a nan Damagaram aka buɗe ta a 2019.

Tambaya: Muna da fada a bakin titi. Wani lokaci muna ganin ana takura wa yarinya, amma in ka sa baki sai faɗa ya tashi, ko a ce budurwarka ce. Wasu abokaina kuma suna cewa shigarsu ce ke jawo musu. (Wani matashi, Tudun Jamus)

Amsa: Ɗana, ka gaya wa abokanka su karanta tambaya ta uku a wannan shafi, su faɗa mana wace shiga yarinya mai tallar ƙosai ta yi. A Nairobi, a Nuwambar 2014, wasu maza sun tuɓe wata mata a tashar mota da sunan gyaran tarbiyya, abin da ya fito da jama'a kan titi suna zanga-zanga. Wanda ya miƙa hannu shi ne mai laifi.

Sa baki kuma ba sai da ƙirji ba. Ka bar namijin, ka yi wa yarinyar magana kamar ka san ta: "Ke, Inna na can na neman ki, wuce mu je." Ka ba ta hanyar fita ba tare da ka ƙalubalanci kowa ba. Kada ka tashi kai kaɗai, ku miƙe ku uku, tsayuwa kawai. Ɗaya ya kira dattijon da ke kusa ko mai shago da sunansa, domin "jama'a ku taimaka" kowa yakan jira wani, amma "Malam wane, zo ka gani" mutum ɗaya ya san da shi ake. In da makami, ku ja baya ku kira 17, ku riƙe lambar babur, launin riga da inda aka nufa. In kun ɗauki bidiyo, na ƴan sanda ne da ita yarinyar, kada ya shiga WhatsApp, domin ita za a yi ta nunawa da yatsa. In kun kama mutum, ku miƙa shi da ransa da lafiyarsa, in kun dake shi ku ne za ku koma masu amsa tuhuma. Daga nan ku tambaye ta wa za a kira mata, biyu daga cikinku su raka ta suna ɗan nesa da ita, har ta shiga gida.